Kwaɓin da Ya Fi Bulo Ƙarfi: Gyaran Bututun Hayaƙi a Tsohon Gidan Ingila

Tabon ya ɓullo ne cikin watan Nuwamba, a ɗakin sama na baya, daidai inda bango ya haɗu da silin. Da farko bai wuce tafin hannu ba, launinsa kamar shayi ya zube a farar riga. Kafin shekara ta ƙare ya kai faɗin faifai. Na sayo fenti na shafe shi, bai yi mako biyu ba ya dawo, wannan karon har da wani farin gari a gefensa kamar kanwa ta tsatso. In ka kai hanci kusa sai ka ji warin tsohon murhu, alhali maƙwabciyarmu, wadda ta haura shekara arba'in a layin, ta ce ba ta taɓa ganin hayaƙi ya fito daga saman gidan ba.

Gidan yana unguwar Harehills ne a birnin Leeds, arewacin Ingila, cikin irin layukan nan na jan bulo da aka jera wa ma'aikatan masana'antu wajen shekarar 1900, gida manne da gida, bango ɗaya na raba ka da maƙwabci. A lokacin da aka gina su, kusan kowane ɗaki da murhunsa na kwal, kowane murhu kuma da nasa maƙogwaron da hayaƙi ke bi ta cikin bango har ya fita sama. A kan rufi ne maƙogwaron duka suke haɗuwa cikin wani ɗan gini mai kusurwa huɗu, a ɗora masa tukwanen yumɓu a ka. Wannan shi ne bututun hayaƙi. In ka tsaya a titi ka ƙirga tukwanen, ka san yawan murhun da ke ƙasa. Namu takwas ne, huɗu namu, huɗu na maƙwabciya, domin bututun a kan iyaka yake zaune.

Mu da muka tashi inda hayaƙin girki ke fita ta taga ko ta ƙofar madafa, ya bar kunkunniya a jikin azara, ba mu saba ɗaukar wannan abu da muhimmanci ba. A nan Ingila kuwa sanyi ne ya sa murhu ya shiga har ɗakin kwana, har ma gwamnati ta taɓa mai da shi ma'aunin arziki: daga 1662 zuwa 1689 ana karɓar harajin sule biyu a shekara kan kowane murhu a Ingila. Yau yawancin murhun nan an toshe su. Hazon hayaƙin kwal da ya lulluɓe Landan a Disambar 1952 ya kashe dubban mutane, aka kafa dokar tsabtace iska a 1956, daga baya iskar gas ta Tekun Arewa ta shiga gidaje. Wuta ta mutu, bututu ya tsaya. Kusan gida ɗaya cikin biyar a Ingila an gina shi ne kafin 1919, saboda haka miliyoyin mutane na kwana a ƙarƙashin tulin bulon da ba sa amfani da shi, ba sa kuma ɗaga kai su dube shi.

Abin da ke cin bututu

Babu wani sashe na gida da ke shan wuya kamar bututun hayaƙi. Bangon gida fuska ɗaya yake ba ruwa, ga rufi ya ɗan yi masa inuwa. Bututu kuwa a tsirara yake ta fuska huɗu da kuma ka, a wurin da iska ta fi ƙarfi, kuma kaurin bangonsa sau da yawa bai wuce faɗin bulo ɗaya ba, wato santimita goma da 'yan kai. Ruwan Ingila ba irin namu ba ne da zai zuba kamar da bakin ƙwarya, rana ta fito ta busar. Yayyafi ne mai naci, iska na tura shi a kwance, kwana da kwanaki. Bulo ya sha, kwaɓin da ke tsakanin bulo ya sha. Sai dare ya yi, sanyi ya sauka ƙasa da sifiri. Ruwa idan ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, to duk ɗigon da ya shige wata 'yar kafa sai ya zama kamar an buga tsinke a ciki. Gari ya waye ya narke, dare ya yi ya sake daskarewa. A hunturu guda ana iya yin haka sau da dama.

Ta ciki ma akwai mai ci. Kwal yana ɗauke da farar wuta, hayaƙinsa na shekara sittin ko saba'in ya bar gishirinta a jikin maƙogwaro. Muddin ana hura wuta, zafi na busar da bututun. Da aka daina, musamman inda aka toshe murhu ta ƙasa aka rufe tukunya ta sama ba a bar wa iska hanya ba, sai laima ta zauna, ta narkar da gishirin nan, ta ratsa da shi cikin kwaɓi. Idan ya tarar da siminti sai su haɗu su haifar da wani sinadari mai kumbura. Gefen da ya fi jiƙa ya fi kumbura, layi bayan layi, har bututun ya karkata zuwa ɗaya gefen. Wanda ya taɓa lura da bututun da ya sunkuya kamar tsoho mai ciwon baya a tsofaffin unguwannin Ingila, galibi wannan ya gani. Shi kuma tabon da ke ɗakina, launin shayin kunkunniya ce da ruwa ya wanko, farin garin kuma gishirin ne.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ƙadangaren tsiro ne. Akwai wani ɗan itace mai furanni shuɗi-shuɗi da aka kawo daga ƙasar Sin a ƙarshen ƙarni na 19 don ado, ya tsere daga lambuna ya mamaye bakin layin dogo da kangaye. Irinsa ba ya buƙatar komai sai ɗan rami mai laima a tsakanin bulo biyu, saiwarsa ta yi sauran aikin. Ga kuma wani ɗan ƙaramin hankaka mai toka-tokan ƙeya da ya mai da tukwanen hayaƙi gidan gadonsa, yana zuba ƙirare har su cika maƙogwaro.

Kada a ɗauka maganar tabo ce kawai. Bututu madaidaici yana da bulo ɗaruruwa, nauyinsa yakan kai tan guda ko fiye, kuma a saman ɗakin kwana yake. A babbar guguwar da ta afka wa kudancin Ingila a ƙarshen Nuwambar 1703, bututu wajen 2,000 ne suka zube a Landan kaɗai, kuma a garin Wells bututun fadarsa ne ya faɗo wa Bishop Richard Kidder da matarsa suna kwance, suka mutu nan take. A daren 14 ga Janairun 1968, wayewar 15, wata guguwar ta ratsa tsakiyar Sikotland, ta kashe mutum wajen ashirin, tara daga ciki a Glasgow, inda manyan bututun tsofaffin benaye da aka daɗe ba a kula da su ba suka riƙa ɓarka rufi suna faɗawa kan masu barci. Inda kuma har yanzu ake hura wuta, layin da ya buɗe yana iya maido da iskar guba cikin ɗaki, irin wadda ba ta da wari ba ta da launi, wadda muka sani a gida da kashe iyali guda in an kwana da janareta a rufaffen wuri.

Garin neman gira

Maginin da na samu dattijo ne, ya ba sittin baya, ɗan asalin yankin, mai ƙarancin magana. Bai fara da hawa ba. Tsallaka titi ya yi, ya ciro madubin hangen nesa daga mota, ya daɗe yana kallon sama. Da ya gama ya shaida mini abu biyu: cewa wani ya riga shi taɓa bututun, da kuma cewa ba zai sa hannu ba sai sanyi ya wuce. A watan Janairu muke. Ya ce in jira Mayu. Na ji haushi, don a ganina mai neman aiki ba ya ɗaga wa kuɗi ƙafa wata huɗu. Abin da ya yi kawai shi ne ya buɗe 'yar kafar iska a murhun da aka toshe a ɗakin, ya tafi.

Ranar da aka kafa ƙarafan hawa, ya matsa sai na hau na gani da idona. Ban so ba. Bene biyu da rufi, iska na kaɗa wandona, motocin ƙasa sun koma kamar na wasan yara. Amma abin da na gani a can ya biya tsoron.

A fuskar da ke kallon yamma, layukan kwaɓin suna nan daram, toka-toka, santsi, da ƙarfi kamar dutse. Bulon ne babu. Fuskar kowane bulo ta zaizaye ta koma ciki, wani da rabin yatsa, wani fiye, har layukan suka fito waje suka tsaya kamar ragar ƙarfe da aka cire wa gilashi. Na taɓa wani bulo, jan gari ya biyo yatsana. Dattijon ya sa bakin cizal a bayan wani layi ya ɗan taɓa, sai ga sandar siminti mai tsawon kamu ɗaya ta ɓallo gaba ɗaya, kaurinta bai fi na biskit ba. A bayanta tsohon kwaɓi ne fari-fari, jiƙe sharkaf, yana marmashewa kamar danƙon gero da ya kwana a ruwa. Wani ne, shekaru ashirin ko talatin baya, ya hau da bokitin siminti da yashi ya shafe bakin layukan, ya karɓi kuɗinsa, mai gida ya duba daga ƙasa ya ga aiki fes.

A ɗaya fuskar, wadda mai simintin bai kai gare ta ba, labarin ya sha bamban. Kwaɓin asali ya cinye ya shige ciki, har kana iya tura mabuɗi a wasu wuraren, amma bulon lafiya lau, kusurwoyinsa a tsaye kamar jiya aka ɗora. Shekara ɗari da ashirin.

Abin da ya raba fuskokin nan biyu shi ne asalin maganar. Magabatan da suka gina gidajen nan da farar ƙasa suka yi kwaɓinsu. Ana gasa dutsen farar ƙasa a wuta mai zafin digiri 900, a fito da shi a zuba masa ruwa, ya tafasa ya yi tururi ya koma kamar kindirmo, a haɗa da yashi. Idan aka yi gini da shi, a hankali yake shaƙar iskar kabon daga sarari yana komawa dutsen da ya fito, wata da watanni. Kwaɓin da ake samu ya fi bulo laushi, ya kuma fi shi ƙofofin numfashi. Saboda haka in bango ya sha ruwa, ta layin kwaɓi ruwan ke fita. Can gishiri ke taruwa, can ƙanƙara ke ci. In gini ya motsa, don kowane gini na motsi tsakanin zafi da sanyi, kwaɓin ne ke ba da kai. Da gangan aka yi shi ya zama mai rauni, ya riƙa mutuwa a madadin bulo, domin sake layi aikin kwana uku ne, sake bulo kuwa rushe gini ne.

Siminti ya juya wannan lissafi. Ya fi tsohon bulo ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma da ƙyar ruwa ke ratsa shi. Yana bushewa yana ɗan tsukewa, sai siririyar tsaga kamar gashi ta buɗe tsakaninsa da bulo. Ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita ta layi, sai ya bi ta cikin bulo. Gishiri da ƙanƙara suka koma cin fuskar bulo, layi na tsaye yana kallo.

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina ko Damagaram ya san wannan ciwo, ko da bai taɓa ganin bututun hayaƙi ba. A yi wa ginin ƙasa filastar siminti don a huta da yaɓe. Shekara biyu, uku, abin gwanin sha'awa. Sai wata damina ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga, ba a jima ba ɓangare guda ya ɓallo kamar ƙyaure, ka tarar ƙasar bayansa ta jiƙe ta zube, tubali a waje. Yaɓen da iyayenmu ke sabuntawa, a shafe da makuba, shi ma don ya ci ruwa ya zaizaye aka yi shi, bangon ya tsira. Da na ba dattijon wannan labari ya saurara da kyau, ya tambaye ni ko da me ake haɗa makubar. Bayanin ɓawon ɗorawa da Turanci ya ba ni wuya fiye da hawa rufin.

Abin dariyar shi ne a Leeds ɗin nan aka haifi simintin. Joseph Aspdin, wani birkila ɗan garin, shi ya yi rajistar abin da ya kira simintin Portland a 1824, ya ba shi sunan ne don ya yi kama da farin dutsen tsibirin Portland da ake gina manyan gine-ginen Landan da shi. Ɗansa William ne ya ƙara wa wutar gashin zafi a shekarun 1840 har aka doshi irin simintin da muka sani, wanda yau ake gasawa a digiri wajen 1,450. Duk da haka farar ƙasa ta ci gaba da riƙe ginin gidaje har farkon ƙarni na 20. Bayan yaƙin duniya na biyu, da ake gaggawar sake gina ƙasa, siminti ya kore ta kusan gaba ɗaya, don yana kamawa da wuri, ba ya son lallashi, kowa ma zai iya kwaɓa shi. Tsara guda ta magina ta tashi ba ta taɓa riƙe farar ƙasa ba sai a fenti. Ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da William Morris da abokansa suka kafa a 1877 tana cikin waɗanda suka yi ta nacin a dawo da ita, kuma sannu a hankali aka dawo.

Kwana uku a kan rufi

Aikin kansa ba shi da wani asiri, haƙuri ne da shi. Rana ta farko duka a kan ƙwaƙule tsohon layi ta tafi. Ƙa'idar da magina ke bi ita ce zurfin ramin ya ninka faɗin layin sau biyu zuwa biyu da rabi. Layin da ke da milimita 10, a ƙwaƙule shi milimita 20 zuwa 25, in kuma ba a tarar da kwaɓi mai ƙwari ba a ci gaba har a tarar. Ramin ya zama mai kusurwa, bayansa a miƙe, gefen bulo na sama da na ƙasa a kankare tas. Wanda ya yi rami mai siffar bakin cokali, sabon kwaɓin zai zauna ne a bakin ƙofa kawai, hunturu biyu ya tofar da shi.

Da siririyar cizal da guduma ya yi, da wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar ƙugiya. Akwai injin gurza mai faifai a motarsa, bai ɗauko ba sai a wurare biyu da simintin ya ƙi, nan ma tsakiyar layin kwance kawai ya tsaga ya ƙarasa da hannu. Dalilinsa a fili yake: faifan ba ya bambance kwaɓi da bulo, hannu ya ɗan goce ya yanke gefen bulo, layi ya ƙara faɗi har abada. A layukan tsaye kuwa, da yake gajeru ne, kusan ba makawa sai ya ci bulon sama ko na ƙasa. Ga ƙurar, wadda ke ɗauke da garin dutse mai zama a huhu ya ƙi fita. Bulo goma sha ɗaya da suka lalace ya zare su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda bayansu ke da kyau ya juya su, fuskar ciki ta koma waje. Sauran ya maye su da tsofaffin bulo da ya sayo daga masu sayar da kayan rusau, don bulon zamanin nan ya fi na da ƙanƙanta kaɗan, ba zai zauna daidai ba.

Da safiyar rana ta biyu ya share ramukan da buroshi, ya fesa musu ruwa daga sama zuwa ƙasa, ya jira har bulon ya sha ya daina sheƙi. Busasshen bulo ɓarawon ruwa ne, zai tsotse kwaɓin kafin ya kama, ya bar shi gari.

Kwaɓin awo ɗaya ne na farar ƙasa, awo biyu da rabi na yashi mai kaifi, mai haɗe da manya da ƙananan ƙwayoyi. Rairayi mai laushi ba ya yi. Farar ƙasar kuma irin mai kamawa ko cikin laima ce, wadda aka rubuta wa NHL 3.5 a buhu. Akwai mai lamba 2 da ta fi laushi, akwai mai 5 da ta fi ƙarfi. Asalin wannan iri yana komawa ga John Smeaton, shi ma ɗan Leeds, wanda da zai gina hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Eddystone tsakanin 1756 da 1759 ya gano cewa dutsen farar ƙasa mai ɗan yumɓu a jiki shi ke ba da kwaɓin da ke kamawa a cikin ruwa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙarancin ruwan. Ni na saba ganin kwaɓi a kwanon sarki yana malala. Wannan kuwa kamar dambu yake, in ka dunƙula ya dunƙulu, in ka ɗora a cokali ka kife ba ya faɗuwa. Ruwa in ya yi yawa, kwaɓin zai tsuke ya tsage, ya kuma ɓata fuskar bulo da farin dabbare.

Sai cikawa. Yana riƙe da ɗan faranti a hannun hagu manne da bakin layi, da siririn ƙarfe mai faɗin layin a dama, yana yanko kwaɓi kaɗan-kaɗan yana turawa ciki yana dannawa da ƙarfi har ya ji ya tokare. Inda rami ya yi zurfi, hawa-hawa yake cikawa, ya bar na farko ya ɗan yi tauri kafin ya ƙara. Na zauna a kan katako ina kallo wajen awa guda, ban ji ya ce uffan ba, sai ƙarar ƙarfe a kan bulo, ƙyas, ƙyas, da kukan hankakin nan da muka hana su gida. Da ya cika fuska ɗaya, abin bai yi kyau ba ko kaɗan, duk ya yi tudu-tudu. Ya bar shi haka ya sauka shan shayi.

Bayan wasu awanni ya dawo ya danna da babban yatsa. Lokacin da yatsa ya daina shiga amma farce na iya yin zane, lokacin ne. Ya kankare tudun da gefen katako har layi ya koma daidai da fuskar bulo ko ya ɗan shige kaɗan, gefen kowane bulo ya fito. Sannan ya ɗauko buroshi mai tauri ya riƙa dukan layin da tsininsa, duka sosai, ba shafa ba. Dukan na ƙara danne kwaɓin, yana rufe 'yan tsagar da suka fara, yana kuma fito da ƙwayoyin yashi, fuskar ta yi kaushi yadda ruwa zai samu wurin tashi. A nan ne aikin ya yi kyau farat ɗaya.

Rana ta uku ta kan bututun ce. Tukwanen hayaƙi a cikin wani tudun kwaɓi suke zaune, mai gangare don ruwa ya zurare. Namu ya tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara, tukunya biyu har girgiza suke. Ya fasa shi duka ya sake, da kwaɓin da ya fi na layi ƙarfi, don nan ne ruwa ke sauka kai tsaye. Ya sa wa kowace tukunya hula mai ƙofofi a gefe, ruwa da tsuntsu ba su shiga, iska na wucewa. Daga nan ya sauko gindin bututun inda ya haɗu da rufi, wurin da ake naɗe shi da fallayen dalma da ake cusa bakinsu cikin layi wajen milimita 25 a danne da 'yan guntayen dalma. Biyu sun zame. Ya ce sau da yawa a nan yoyo yake, mutane su yi ta zargin layi a banza, shi ya sa ba a gyara ɗaya a bar ɗaya.

Da ya gama ya naɗe bututun gaba ɗaya da jiƙaƙƙen buhun algarara, ya ɗaure, ya ce a bar shi mako guda, shi zai riƙa zuwa yana fesa ruwa. Sai a lokacin na gane jiran Mayu. Farar ƙasa ba ta son sanyin da ya yi ƙasa da digiri 5, ƙanƙara in ta same ta ɗanya ta gama da ita. Ba ta kuma son rana mai zafi ko iska mai busarwa. Jaririya ce, sai an rufa mata.

Inda magana ta rabu

Ba zan ce siminti abin gudu ne a ko'ina ba, don ba haka ba ne. Gidan da aka gina da bulon zamani mai tauri da kwaɓin siminti tun asali, da irinsa za a gyara shi. Akan haɗa awo ɗaya na siminti, ɗaya na farar ƙasa, shida na yashi. A Amurka ma, inda suke rarraba kwaɓi da haruffa, M da S da N da O daga mai ƙarfi zuwa mai laushi, shawarar da hukumar kula da wuraren tarihinsu ke bayarwa ita ce sabon kwaɓi kada ya fi na asali ƙarfi, kada kuma ya fi bulon. Su kansu masu farar ƙasar ba bakinsu ɗaya ba. Wasu na ganin irin ta buhu mai lamba tana ci gaba da ƙara tauri shekara da shekaru har ta wuce yadda ake so, sun koma kwaɓa gasasshen dutsen da yashi da zafinsa kamar yadda ake yi a da. A ganina wannan gardama ce ta masu gyaran coci da fada. Ga mai gida irina, abin da ya raba aiki da ɓarna shi ne wanda zai hau ya san da me aka gina gidan kafin ya buɗe buhu.

Akwai kuma inda cike layi ba ya magani. Bututun da ya karkata sosai, ko wanda bulonsa ke motsi a hannu, sauke shi ake yi a sake ɗorawa. Wasu sukan zaɓi a cire shi ɗungurum a rufe wurin. In gidan na cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, sai da izinin ƙaramar hukuma. In bututun na tarayya ne kamar namu, rushewa ko sake gini sai an ba maƙwabci sanarwa a rubuce, bisa dokar bangon tarayya ta 1996. In kuma tsuntsu ya riga ya yi ƙwai a ciki, dokar kare namun daji ta 1981 ta hana a taɓa sheƙar sai 'ya'yan sun tashi. Mu mun tsira ne don dattijon ya dawo ya toshe bakin tukwanen da raga tun cikin Fabrairu.

Kuɗin kayan aikin bai taka kara ya karya ba, buhu biyu ne da yashi. Ƙarafan hawa su suka ci kusan rabin abin da na biya, na kuma yi ta ƙorafi har na hau na ga inda mutum zai tsaya da guduma a hannu. Faɗowa daga sama ita ce kan gaba wajen kashe ma'aikata a Birtaniya, kuma duk wanda ya ce zai yi maka wannan aiki daga kan tsani da rahusa, to irin aikin da na gani a fuskar yamma zai yi, don ba mai iya ƙwaƙule milimita 25 da hannu ɗaya yana riƙe da ransa da ɗayan. Maƙwabciyata ta biya rabi ba tare da jayayya ba, da sharaɗin a gyara mata wani falle da ya zame a nata gefen tunda ga ƙarafa a kafe.

Tabon bai tafi nan da nan ba. Magina na da wani lissafi na cewa jiƙaƙƙen bango yana bushewa ne wajen inci ɗaya a wata, namu kuwa ya sha na shekaru. Zuwa Satumba tsakiyarsa ta bushe, amma duk ranar da gari ya yi laima sai zoben gefensa ya sake duhu, don gishirin da ya riga ya shiga filasta yana jan ruwa daga iskar ɗaki ko da babu yoyo. Dattijon ya ce wannan filastar sai an fasa ta an sake, amma kada in taɓa sai bangon ya ƙara hunturu guda. Na zana da'ira da fensir a bakin tabon, na rubuta kwanan wata a gefe, ina dubawa duk ranar Juma'a in na dawo masallaci.